Garin Da Ba A Ƙidaya Ba, Wa Zai Yi Masa Hanya?

Ran nan muna aji, Malam yana karantar da mu labarin ƙasa, sai magana ta kai mu ƙasar Indiya. Ya kawo mana wani shafi daga littafin ƙidayar mutanensu, ya ce mu duba. Muka ga ashe can kowane ƙauye, kome ƙanƙantarsa, yana da layinsa a littafin hukuma. An rubuta gida nawa ke cikinsa, da maza nawa, da mata nawa, da ko akwai makaranta, da ko motar haya tana shiga, da irin hanyar da ta kai gare shi, ta kwalta ce ko ta ƙasa, har da sunan birnin da ya fi kusa da shi da nisan da ke tsakaninsu. Muna cikin mamaki, sai Malam ya juyo wajenmu, mu 'yan ƙasar Wurno, ya ce, "To, ku mutanen Dinawa, mutum nawa ne a garinku?" Muka dubi juna. Babbanmu ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, muna da yawa." Aji ya fashe da dariya. Mu ma muka buɗe haƙora, amma namu yaƙe ne, gama ga mu za mu zama malamai, mun san tsawon Kogin Nilu, ba mu san yawan mutanen garin da aka yanke mana cibiya ba.

Tun daga ran nan maganar ba ta bar mu ba. Mun juya ta a ɗakin kwana, mun juya ta a bakin masallaci, har muka ga ya kamata mu kawo ta gaban 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu a wannan shafi. Abin da muka gano shi ne ƙidayar jama'a da hanyar gari Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Garin da ba a san yawan mutanensa ba, ba shi da bakin roƙon hanya, in ma ya samu, sai dai da alfarmar wani babba, kuma abin da alfarma ta ba ka yau tana iya hana maƙwabcinka gobe.

Bari mu fara da laifinmu, kafin mu ɗora wa wani. Kakanninmu sun tsani ƙidaya, kuma suna da dalili. A zamanin Turawa ba a ƙidayar mutum sai don haraji, ba a ƙidayar shanu sai don jangali. In aka ce ga malamin haraji nan tafe tare da dagaci, sai ka ga an tura samari daji, an kora shanu ƙetaren gulbi, mai 'ya'ya shida ya rantse uku gare shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu, don haka har yau akwai tsofaffi a ƙauyukanmu waɗanda in ka tambaye su yawan iyalinsu sai su ce ba a ƙidayar 'ya'ya, albarka takan tashi. Bayan samun mulkin kai kuma sai abin ya juya. Da aka ga da yawan jama'a ake raba kujerun majalisa da kuɗin Gwamnati, sai masu ɓoyewa suka koma masu ƙari. Ƙidayar 1962 aka soke ta, aka sake wata cikin 1963, ta 1973 ita ma aka soke. Aka yi ta 1991, aka yi ta 2006, wadda aka shirya yi cikin 2023 kuwa aka ɗaga ta. Watau mu da ke wannan kwaleji, da yawanmu muna goye a bayan uwayenmu sa'ad da aka ƙidaya mu, ga shi yanzu har wasunmu sun yi iyali.

Ita ƙidayar 2006 ɗin ta ba ƙaramar hukumar Wurno mutum 160,000 da ɗoriya, Goronyo 180,000 da ɗoriya, Rabah kuwa kusan 150,000. A nan lissafin da aka bayyana wa jama'a ya tsaya, bai sauko kan ƙauyuka ɗaya ɗaya ba. Dinawa mazaɓa ce guda cikin mazaɓun Wurno, kamar Acida da Dimbiso da Kwargaba, tana da unguwanni da tungaye kewaye da ita, amma in ka ce a nuna maka takardar da ta ce ga yawan mutanen tunga kaza, sai a yi ta kame-kame. Saboda haka amsar da ɗan'uwanmu ya ba Malam, ko da ta ba da dariya, ita ce amsar da ke hannun kowa.

To, me ya sa muka ce wannan ya shafi hanya? Mu koma Indiya mu gani. A ran 25 ga Disamba, 2000, Gwamnatinsu ta kafa wani shiri na hanyoyin ƙauye, ta yanke ƙa'ida ɗaya, ta ce duk ƙauyen da ba shi da hanya mai biyuwa rani da damina za a yi masa, gwargwadon yawan mutanensa. Aka ce a fara da masu mutum 1,000 zuwa sama, sa'an nan masu 500, a ƙasashen duwatsu da na hamada kuwa, inda jama'a ke warwatse, aka sauko da adadin zuwa 250. Da littafin ƙidayarsu na 2001 aka yi wannan awo. Daga lokacin an gina hanyoyi fiye da kilomita 700,000 ƙarƙashin shirin nan. Ba mu ce ba a yi kuskure ko son kai a can ba, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Amma ku dubi ƙarfin da ƙa'idar ta ba talaka. Mai gari ba sai ya kai gaisuwa gidan wani ba, sai ya buɗe littafi ya ce, mu 700 ne, ga layinmu, ina hanyarmu? In an yi wa garin mutum 400 an tsallake nasa, kowa ya ga inda aka karkata.

Abin nan na sauko da adadi a ƙasar da jama'a ke warwatse ma ya dace da mu ƙwarai. Ƙasar Rabah ta fi ta Wurno faɗi sau uku da wani abu, amma mutanenta ba su kai na Wurno ba. Ma'ana, mil guda na hanya a Wurno zai amfani mutane da yawa fiye da mil guda a Rabah. In da yawa kaɗai za a bi, mutanen dajin Rabah za su daɗe suna jira, alhali su ne suka fi nisa da asibiti da kasuwa. Ƙa'idar kirki sai ta haɗa biyu, yawan mutane da nisansu, kuma ba mai iya haɗa su sai an auna su duka.

Kada wani ya ɗauka wannan tunani baƙo ne da muka aro daga ƙetaren teku. Sayyidina Umaru, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane don kowa ya sami rabonsa daga baitulmali. Nan gida kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Wurno ya mai da ita ribaɗi, ya zauna cikinta har ya rasu cikin 1837, kabarinsa yana can, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, ya lissafa gina garuruwa da gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin abubuwan da ke wuyan shugaba. Shi ya tara jama'a a kwarin Rima, ya zaunar da makiyaya, ya kawo masu sana'a, don ya san gari ba ya tsayuwa sai da mutane, mutane kuma ba su zama inda ba mafita. Mu da muke zaune a ƙasar da ya raya, mu ya fi cancanta mu riƙe wannan.

Duk da haka, tarihin hanya a gabashin Sakkwato tarihin wahala ne. Dajin Gundumi, wanda ke tsakaninmu da ƙasar Isa, tun da can matafiya ke tsoronsa saboda ƙishirwa da mahara. Bature Clapperton ya ratsa shi cikin 1824 zai zo wajen Bello. Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya ratsa shi cikin 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka yi sa'a 26 suna tafiya ba zango, kafin daga baya ya sauka Wurno. Da Turawa suka kawo jirgin ƙasa, ya isa Kano cikin 1911, reshen da ya nufo yamma ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda cikin 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba. Saboda haka mu ba mu gaji reluwe ba, duk abin da ƙasarmu ta noma a kan jaki da raƙumi da mota ya fita. Abin baƙin ciki kuma, cikin Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Sakkwato ta ba da umurnin rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda 'yan bindiga, ta ce matafiya su zaga ta Goronyo da Sabon Birni. Dajin da ya tsorata ayari zamanin Bello, shi ne ya kori motoci bayan shekara kusan 200.

Amma maganarmu ta yau ba kan babbar hanya take ba. Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi Acida ta nufi Wurno da Goronyo kowa ya san ta. Cikin Oktoba 2024 ma an ƙaddamar da aikin wata doguwa daga Illela zuwa Badagry, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, muna yi mata fatan alheri. Abin da ke damunmu shi ne 'yan mil biyu ko biyar ɗin nan da ke tsakanin ƙofar manomi da bakin kwalta. Babbar hanya kamar gulbi take, ƙananan hanyoyi su ne ƙoramun da ke ciyar da ita, in ƙoramu sun toshe, gulbi sai ya wuce ta gabanka kana kallo.

Ku dubi abin da ƙasar nan ke fitarwa. Fadamar Rima tana ba da shinkafa, da albasa, da tafarnuwa, da alkama, da tattasai. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa cikin 1984, an yi ta don ta riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon murabba'i mai zurfi, saboda noman rani da ruwan sha. An kashe dukiya mai yawa an tare ruwa, manomi ya zuba ƙarfinsa ya noma, sa'an nan sai kaya su tsaya a gona don rairayi ya hana mota shiga da rani, laka ta hana ta da damina. Mun gani da idonmu lokacin hutu. Mai albasa yakan ɗora buhu ɗaya ko biyu a kan babur ko amalanke ya kai bakin hanya, ya biya, sa'an nan ya sake biyan mota zuwa kasuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023 kuɗin nan ya ƙara nauyi. In ya ga ba zai iya ba, sai ya sayar wa ɗan kasuwan da ya iya shigowa, a kan farashin da shi ɗan kasuwan ya ga dama, gama albasa ba ta jiran ciniki, ruɓewa take yi. Wahalar ta manomi ce, ribar ta mai mota.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Wata damina, a wata tunga da ke kusa da mu, naƙuda ta tsananta wa wata baiwar Allah da dare, ruwa ya cika kwarin da ke tsakaninsu da hanya, babur bai iya ƙetarewa ba. Maza huɗu suka ɗauke ta a kan gadon kara, suka ratsa ruwa har ƙugu. Ita Allah ya yi mata sauran kwana, abin da ke cikinta kuwa bai zo da rai ba. Mun yarda kowane rai da ajalinsa. Amma wanda ya ce a dogara ga Allah shi ya ce a ɗaure raƙumi, kuma kwalbati guda a wannan kwari bai kai kuɗin motar da wani babba ke hawa ba. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumba 2010, sa'ad da ruwan Rima ya mamaye garuruwa a Goronyo da Wurno da ƙasa da su, sun san yadda gari yakan koma tsibiri dare ɗaya, a rasa ta inda za a kai masa ko da mudun gero.

Mu malamai ma abin ya shafe mu kai tsaye. Kowa a kwalejin nan ya san addu'ar da ake yi in lokacin rarraba wuraren aiki ya zo, kowa yana roƙon makarantar bakin hanya. Wanda aka jefa can ciki, ko dai ya yi ta kai kuka a ofis har a sauya masa, ko kuwa ya riƙa zuwa Talata ya gudo Alhamis. Mai duba makarantu shi ma ba ya son turɓaya. Ta haka yaron da aka haifa mil biyar daga kwalta yakan tashi da rabin karatun ɗan'uwansa na bakin hanya, ba don ya fi shi daƙiƙanci ba.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Wani dattijo ya ce mana, "Yarana, hanya ba ta kawo kowa, kwashewa take yi. Ran da mota ta shigo, ran nan samari za su ƙare." Akwai gaskiya a ciki. Masana da suka bi sawun shirin nan na Indiya sun bayyana cikin 2020 cewa babban abin da sababbin hanyoyin suka yi a 'yan shekarun farko shi ne sauƙaƙa wa mutane barin aikin gona su nemi aikin lada a waje, arzikin ƙauyukan kansu bai ƙaru da yawa nan da nan ba. Wannan ya isa ya hana mu yi wa jama'a alkawarin cewa kwalta kaɗai za ta mai da Dinawa birni. Amma mun ce wa baba, da ladabi, cin rani ya girmi mota. Cikin ranin 1952 zuwa 1953 an sa masu ƙidaya a hanyoyi da mashigai na Lardin Sakkwato, aka ƙidaya kimanin mutum 250,000 masu fita neman kuɗi, yawancinsu kuwa a ƙasa suke tafiya. Rashin hanya bai tsare kowa a gida ba, sai dai ya sa wanda ya tafi ya daɗe bai komo ba. Saurayin da zai iya zuwa Sakkwato da safe ya kwana gida ya fi amfani ga tsohonsa da wanda ya tafi Kurmi sai shekara.

Wasu kuma suka ce, ana maganar rai wa ke maganar hanya? Suka tuna mana da harin kasuwar Goronyo na ran 17 ga Oktoba, 2021, inda aka kashe mutum fiye da 40, suka ce a kawo zaman lafiya tukuna. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Ba mu musa ba, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Sai dai ku lura, ɗan bindiga a kan babur yake, ba ya bukatar kwalta, turbar shanu ta ishe shi. Mai bukatar hanya shi ne motar soja da za ta kawo ɗauki, da motar asibiti da za ta kwashi masu rauni. Garin da ba a iya kai masa gudummawa cikin sa'a guda shi mahara suka fi so. Haka kuma in gari ya watse, mutanensa suka yi gudun hijira, yaya za a san yawan waɗanda za a ciyar in tun farko ba a san yawansu ba?

Masu cewa ba kuɗi kuwa, amsarsu gajeriya ce. An sha kafa hukumomi don wannan aiki. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar abinci da hanyoyi da raya karkara cikin 1986, ga kuma shirin hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona wanda Bankin Duniya ya amince da shi cikin 2020, Jihar Sakkwato tana ciki. In kuɗi kaɗan ne, ai a nan ne ƙa'ida ta fi amfani, gama tuwo in ya yi kaɗan shi ake rabawa da lissafi.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Ga hukuma, in Allah ya kawo ƙidaya ta gaba, a bayyana lissafin kowane ƙauye da sunansa, a manna shi a ƙofar dagaci da ta makaranta, kowa ya gani. Sa'an nan a yanke ƙa'ida a rubuce, a ce garin da ya kai mutum kaza, mai nisan mil kaza daga kwalta, shi ne na farko, a karanta jerin a majalisar ƙaramar hukuma kowace shekara.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai kuma, kada mu zauna jiran hukuma. Kowannenmu in ya tafi hutu, ya sayi littafin rubutu guda, ya je ya gai da mai gari da liman, ya bayyana musu nufinsa, ya nemi izini, don kada a ce yaron Boko ya zo da sabon haraji. Sa'an nan ya bi unguwa unguwa ya rubuta gida nawa, da mutum nawa, da yara nawa suka isa shiga makaranta. Inda maigida ya ƙi faɗin yawan iyalinsa kada a matsa masa, a rubuta gidan, a koma wani lokaci. Ya auna nisan garin daga bakin kwalta, ko da da taki ne, ya rubuta kwari nawa ake ƙetarewa, da watannin da hanya ke yankewa, da kuɗin babur da na buhu zuwa kasuwa mafi kusa, rani da damina. In mun komo sai mu haɗa su, Malamin labarin ƙasa ya duba mana, mu aika wa hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi kofe, mu ajiye ɗaya a laburaren kwaleji don na bayanmu su ɗora. In mun fita aiki kuma, wannan shi ne darasin lissafi da labarin ƙasa da ya fi kowane daɗi ga yara, gama garinsu ne suke aunawa.

Mu 'yan Dinawa mun ɗauki alkawari za mu fara a hutun nan mai zuwa, in Allah ya kai mu. Muna fata ran da Malam ya sake tambayarmu, mu miƙe mu ba shi adadi, har mu gaya masa mil nawa ne daga tunga mafi nisa zuwa bakin hanya. Muna roƙon 'yan Rabah da 'yan Goronyo da na sauran ƙasashe su yi haka, wanda kuma ya ga kuskure a maganarmu ya amsa mana a fitowa ta gaba, gama mu masu koyo ne.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya kiyaye matafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.